Shekarar da Masarar Meliton Ta Dishe

Rumalda Lobato ba ta da farin jini a garinmu Piedra Mansa, ba ta kuma taɓa neman ta samu ba. Doguwa ce busasshiya, mai manyan kunnuwa da take rufewa da baƙin mayafi ko da rana ta take. In ta biyo ta gefen gonarka da sandarta, sai ka ga matarka ta juya baya ta yi alamar gicciye, don kowa ya san abin da ya kawo ta. Ita ce mai saurare. Ita ce kuma ta riƙe ni ranar da aka yi mini baftisma, shi ya sa nake ce mata Inna Rumalda, ita da mahaifiyata Nestora kuwa suke ce wa juna komadre, kiran da ke tsakanin uwa da uwar baftisma, har suka tsufa.

A kwarinmu ba a kai mamaci maƙabarta. A gonarsa ake binne shi, Fada ya yi addu'a, in ƙanƙara ta narke a shuka masara a kansa. Idan masarar ta kai ƙugu, iska ta kaɗa ganyenta, sai ka ji shi. Ba sabuwar magana yake yi ba, ba ya kuma amsa tambaya. Abin da bakinsa ya saba da shi yana raye, shi yake ta maimaitawa. Kakata har yau tana korar kaji a bayan gidanmu. Duk inda aka kai irin aka shuka, muryar tana biye da shi.

Tsatsa kuwa, ciwon masara, in za ta shigo, murya take fara kamawa kafin ido ya ga jan garin nan a bayan ganye. Sai masara ta dishe kamar mai mura. Aikin mai saurare ke nan: ta ji da wuri, ta ɗaura jan ƙyalle a bakin gonar, a cinna mata wuta kafin iska ta kwashi ciwon. In an ji da wuri, gona ɗaya ce ta tafi, gari ya haɗa wa mai ita abinci. In an makara, Allah ya kyauta. Da zarar ƙanƙara ta toshe mashigin dutse, babu keken doki da zai hawo mana da ko buhu ɗaya. Abin da ke cikin rumbu shi ne rayuwarmu har bazara.

Mijin Rumalda, Meliton, shi ne mai gogen garin. Ba a ɗaurin aure, ba a baftisma, ba a sausayar tumaki sai da shi. Gajere ne mai tumbi, dariyarsa kan riga shi isowa wuri. Yakan tsaya a dandalin coci ya kwaikwayi tafiyar Fada, Fada na tsaye yana dariya har da hawaye. Mata suna cewa, "Kai, Rumalda ta more. Gidanta kullum biki." Mahaifiyata da ke katanga ɗaya da su ta san ba haka ba ne. Ta ce in Meliton ya shigo gida, sai ya rataye gogen a ƙusa ya zauna kamar buhun da aka zazzage. Muryar ta riga ta ƙare a waje. Ɗan abin da ya rage a maƙogwaronsa, dishi-dishi, da shi yake tambayar abinci. Ba su haihu ba. Ba wanda ya taɓa jin sun yi faɗa, ba wanda kuma ya taɓa jin sun yi hira.

Ya mutu wata bazara bayan yashe magudanar ruwa. Ya wuni tsaye cikin ruwan ƙanƙara yana ba masu shebur dariya, sanyi ya shige masa ƙirji. Aka binne shi a gonarsa, can saman kwari inda iskar yamma take fara sauka.

Al'adarmu ce, a girbin farko, duk wanda ya miƙo tafin hannu yana son irin mamaci, ba a hana shi. Yawanci 'ya'ya ne da 'yan'uwa, wani lokaci wata tsohuwa da ba a san abin da ya haɗa su ba, a ba ta a kau da kai. Amma ranar girbin Meliton, garin ne kaf ya yi layi a ƙofar Rumalda.

"Komadre, leƙo ki gani," in ji mahaifiyata. "Har da gurgun Siriako, an ɗauko shi a jaki. Ki ce musu ya ƙare mana."

"Bai ƙare ba."

"To ki yi ƙarya. Ni zan kai ta wurin Fada in ce tawa ce."

Rumalda ta ci gaba da ɓare masarar cikin kwando. "Su ɗiba," ta ce. "Da ransa ma nasu ne."

Masarar Meliton ta zo da kyau, shi ne abin da ya cuce mu. Shuɗiya ce, doguwa, mai goyo biyu, kununta da garɗi. Ga ta kuma da waƙa. Mutum yana noma a rana, ganye na rera masa waƙoƙin biki, yana ba shi labarin limamin da akuya ta cinye wa hula. Wa zai ƙi? Kaɗan-kaɗan mutane suka rage shuka nasu matattun. Aka tura iyaye da kakanni zuwa kunya ɗaya ko biyu a ƙarshen gona, saura duk Meliton. Wanda muke kira Don Abundio, mai gona mafi girma a ƙasan kwari, ya kwashe irin surukarsa ya watsa a bayan garken awaki.

"Da ranta na sha faɗa, ta mutu ma in ci gaba da sha?" ya ce. "Ta yi wa awaki. Su ba sa ramawa."

In iska ta taso da la'asar, kwarin gaba ɗaya sai ya ɗauki dariyar mutum ɗaya, daga wannan dutse zuwa wancan. Baƙi sukan tsaya a mashigi su cire hula. Mu kuwa muna alfahari.

A lokacin ne tsohon mai sauraren ya kurumce. Aiki ne da ba mai so, don ba wanda yake son ya zama shi ne ya ƙona wa maƙwabci uwa. Rumalda ta tashi a taron coci ta ce a ba ta. Aka ba ta da sauri, kafin ta sake shawara. Mutane suka ce ya dace da ita, mace mai ɗacin rai ta sami aikin ɗaci.

Ni ban yarda da wannan ba. Na sha ganinta a bakin gonaki, kuma mai neman ciwo ba haka yake tsayawa ba. Mai neman ciwo yakan karkata kunne, ya ji, ya wuce. Ita kuwa takan tsaya har labarin ya ƙare, wani ya fara, ta jira shi ma. Kowace gona da guntun Meliton da ta fi riƙewa, wata waƙa, wata zolaya. Rumalda ta bi su ɗaya bayan ɗaya, damina bayan damina, kamar mai binciken aljihun rigunan mamaci. Ya ambaci Fada. Ya ambaci Abundio da jakinsa. Ya ambaci 'yan matan da suka riga suka zama kakanni. Sunanta ne kawai bai taɓa fitowa daga ganye ko ɗaya ba.

Shekarar da abin ya faru, ina da aure, ina goyon 'yata ta fari, Ursulita. An sami ruwa sosai, ga zafi, ga raɓa mai nauyi da safe. Masara ta yi goyo, gemunta ya fara baƙi. Abin da zan faɗa yanzu ban san shi ba a lokacin. Sai bayan shekaru masu yawa mahaifiyata ta gaya mini.

Wata rana da tsakar rana ta je kai wa Rumalda barkono, ba ta same ta a gida ba. Ta zagaya gona. Can tsakiya, kusa da kabarin, ta hango ta zaune a ƙasa, ta cire mayafi, ta miƙe ƙafafu kamar yarinya. Mahaifiyata ta buɗe baki za ta tsokane ta, sai iska ta kaɗa. Babu waƙa, babu dariya. Wata murya ce ƙasa-ƙasa, a shaƙe, irin wadda ta saba ji ta katanga.

"Rumalda, da sauran kunu?"

Ganye ya yi shiru, ya sake motsi.

"Bar wankin nan haka. Zo ki zauna."

Mahaifiyata ta ce barkonon ya zube daga zanenta ba ta sani ba. Ta kama ganye ɗaya ta juya bayansa. Ba a ga komai ba tukuna.

"Komadre. Tun yaushe?"

"Shii. Yanzu zai ce ƙafata da sanyi."

"Na ce tun yaushe? Ya dishe, Rumalda! Ko ni da kunnena na katako na ji."

"Ba dishewa ba ce. Haka muryarsa take."

"Haka take a ɗakinki. A gona sunanta tsatsa. Ina ƙyallen?"

Ƙyallen yana ɗaure a ƙugunta. Ta ɗora hannu a kai, ba ta kwance ba.

"Na bi gonakin garin nan kaf, Nestora. Na ji shi yana yi wa kowace jaka waƙa. Ashe nawa yana ƙasa, sai da ciwo ya cinye na saman ya fito. Ki bar mini shi zuwa Lahadi. Iska a kwance take. Bayan coci ni da hannuna zan sa wutar."

"In kuma ta tashi fa?"

"Ba za ta tashi ba."

Mahaifiyata ta tsince barkononta ɗaya-ɗaya ta koma gida. Ba ta gaya wa kowa ba.

Iska ta tashi kafin Lahadi. Ta yamma ce, mai ɗumi, ta wuni tana gangarowa ta kan gonar Rumalda zuwa cikin kwari. Ranar Lahadi muka fito daga coci muka tarar waƙa ta ɗauke. Daga kowace gona, hagu da dama, murya ɗaya ce a shaƙe take fita.

"Rumalda, ƙafarki da sanyi."

Abin kunyar shi ne dariya muka fara yi. Duk garin. Samari suka riƙe ciki. Don Abundio ya cire hula ya rusuna mata a bakin ƙofar coci.

"Donya Rumalda, ashe haka ake ciki? A haɗa kuɗi a saya miki safa mana!"

"Kai, Meliton munafiki," wata ta ce daga baya. "Mu ya ba mu waƙa, ita ya ba ta ɗumi."

"Ku ji, ku ji, yana tambayar kunu!"

Rumalda tana tsaye a kan matakala, fuskarta kamar an shafa toka. Abin da ta shekara da shekaru tana nema, wanda ta samu ta ɓoye na 'yan kwanaki, ga shi an baza a dandali yara suna kwaikwaya. Ta sauko, ta nufi gonar da ke jikin katangar coci, ta fizgo ganye ta murza a tafin hannu, ta ɗaga hannun sama. Ja wur.

Dariyar ta mutu a wurin.

Jan ƙyallenta bai isa ba. Ta shiga gida ta yayyaga jan bargon aurenta, ta bi gonaki tana ɗaurawa. Duk inda aka shuka Meliton ta ɗaura, wato kusan ko'ina. Mutane suka biyo ta suna roƙo, wasu suna zagi. Masarar ta kusa nuna, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Ki ba mu mako biyu mu girbe ko ɗanya ce," in ji Don Abundio. Yanzu babu wasa a bakinsa.

"Ɓare ɗaya ka gani."

Ya ɓare. Ƙwayar ta motse, ta yi laushi, tana wari.

"Wannan ta riga ta tafi," ta ce. "Yanzu Meliton kaɗai tsatsar take ci. In ta ƙoshi da shi, kan iyayenku za ta faɗa, waɗanda kuka tura bakin shinge. Su ne abincinku bana, in kun bar ni na yi aikina."

"Ƙarya kike, mayya! Haushi kike ji ya tona miki asiri. Da ransa kin hana shi sakewa, ya mutu kuma za ki rufe masa baki!"

Rumalda ta juya masa baya. Ta hau saman kwari, muna biye, ta tara busasshiyar ciyawa a gefen gonarta ta ƙyasta. Zafin wutar ya sa ganyen motsi tun kafin harshenta ya iso, sai gonar gaba ɗaya ta shiga magana a tare, da sauri, tana kiran sunanta. Mata suka toshe kunne. Ita ba ta toshe ba. Ta tsaya har kara na ƙarshe ya faɗi, sannan ta ɗauki itace mai wuta ta miƙa wa Abundio.

"Saura taka."

Kwana da kwanaki hayaƙi bai bar kwarin ba. Aka sare hanya tsakanin Meliton da tsofaffin kunyoyi, aka jiƙa su da ruwan magudana, aka ƙone sauran. Da wutar ta mutu, sai ga muryoyin da muka manta suna fitowa daga gefe-gefe, 'yan ƙanana, cikin baƙar ƙasa. Wani tsoho yana lissafin tumakinsa. Kakata da kajinta. A bayan garken awaki kuwa surukar Abundio tana ta surfa masifa, gajeriyar masara mai tauri, ko ɗigon ja babu a jikinta. Abundio ya durƙusa a gabanta yana kuka, tana ce masa malalaci.

Abin da aka girba aka tara a rumbun coci, aka ware iri, aka riƙa raba saura da ludayi. Muka ci wake har ya ƙare, muka ci busasshiyar kabewa, muka yanka tumakin da bai kamata a yanka ba. Ƙanƙara ta rufe mashigi da wuri, ta kuma daɗe ba ta buɗe ba. Garin bai mutu ba. Amma tsofaffi sun tafi, gurgu Siriako na cikinsu. Ni kuma nonona ya ƙafe. Na dama kunu tsararo na ɗiga wa Ursulita da tsumma, cikinta bai karɓa ba. Rumalda takan zo kullum da rabonta a ƙoƙo ta ajiye a bakin murhu ta ce ta ci a gida. Na ɗauka tausayi ne na uwar baftisma. Na sha, ina gode mata. Ursulita ta rasu ana saura kaɗan ruwa ya fara gudu a magudana.

Jariri ba shi da magana. Masarar da ta fito a kanta ba ta cewa komai, sai ɗan sautin nan na tsotso, da wani guntun ƙyalƙyala da ta fara koya kafin yunwa. Ban ba kowa irinta ba, ba wanda kuma ya yi rashin kunyar miƙo hannu.

Da ciki ya cika, sai gari ya sauya labari. Aka ce Rumalda ce ta cece mu. Ta ji ciwon ranar da ya sauka, aka ce, ta fara ƙona mijinta kafin ta taɓa na kowa. Abundio da ya kira ta mayya shi ya fi kowa yaɗa wannan. Aka riƙa aika mata da cinyar rago in an yi yanka, ita kuma ta aika wa wani gidan. Ta sa aka yi doka a taron coci cewa ba a ƙara shuka mamaci ɗaya a gonaki biyu masu maƙwabtaka, har yau kuma muna bi. Ta ci gaba da aikinta har bayanta ya ranƙwafa, tsatsa ta dawo sau da yawa, ba ta sake cin fiye da gona ɗaya ba. Tafiyarta ta canza. Takan ji ta wuce, ba ta jiran ƙarshen zancen kowa. Wuri ɗaya kawai take daɗewa, kunyar Ursulita. Takan tsaya a can da sandarta har inuwa ta juya. Nakan leƙo ta taga in ce a raina, Allah sarki, matar da ba ta haihu ba.

Wasu sun yi zargin ta ɓoye irin Meliton ko tafi ɗaya ne. Ba ta ɓoye ba. Ni na share ɗakinta bayan ta mutu, na duba har cikin gogen.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta sa aka kira Fada ta ce kada a binne ta a gona. A kai ta kan duwatsun da ke sama da magudana, inda ko ƙaya ba ta fita. Fada ya yi ta lallashi. Mutane suka ji haushi, don da yawa sun riga sun yi niyyar miƙa tafi. Ta kafe. Haka aka yi, maza suka fasa dutse da diga suna gunaguni.

Bayan kwana biyu ina ɓare masara da mahaifiyata a tsakar gida, na ce ban gane wannan taurin kai ba, mace ta hana gari muryarta.

"Tsoro take ji," in ji mahaifiyata.

"Tsoron me? Inna Rumalda?"

"Masara abin da baki ya saba take faɗa. Kin san abin da take faɗa ita kaɗai tun shekarar nan, tana wanki, tana dama kunu? Ni ina ji ta katanga."

Sai ta ba ni labarin barkonon, da ƙyallen da ba a kwance ba, da Lahadin. Ba ta ɗago kai ba har ta gama. Hannunta bai daina ɓara ba.

Na yi ta juya abin tun daga ranar. Wani lokaci nakan ce tuba ce, ta yanke wa kanta hukuncin da gari bai san ya kamata ya yanke ba. Wani lokaci nakan ce a'a, sunanta take karewa, ta gwammace ta yi shiru har abada da a ji ta tana ba ni haƙuri a gonar kowa ana dariya. Akwai ma ranar da nake zaton ko wutar da ta sa wa gonakinmu ba don mu kaɗai ba ce, don ta ƙwace Meliton ne daga bakin mutane. Mai yiwuwa duk gaskiya ne. Ta jefa mu cikin yunwa, ta kuma cece mu, da hannu ɗaya, cikin mako ɗaya. Rabon kunun da ta riƙa kawo mini na riga na sha, ba ya amayuwa.

Amma ranar, tambaya ɗaya ce ta fito daga bakina.

"Ke fa, Inna? Ke ba mijinki ba ne. Me ya sa kika bar ta?"

Ta ƙarasa ɓare masarar da ke hannunta.

"Tun muna 'yan mata na san ta, Delfina. Ban taɓa ganin haƙoranta ba sai ranar, a cikin gonar nan." Ta jefa totuwa cikin kwando. "Ni ma in lokaci ya yi, a dutse za ki sa ni."

Tana nan da rai, ta tsufa ƙwarai, ni nake dama mata kunu. Takan tuna mini da maganar lokaci-lokaci. Har yanzu ban ba ta amsa ba.